'Yar Raino Mai Kyamara: Vivian Maier Da Titunan Chicago

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda dama sun fi son su karanta da idonsu.

Yau Amurka muka nufa, birnin Chicago. A shekarar 2007 an yi gwanjon wasu kaya a can. A ƙasarsu akwai kamfanonin da ke ba da hayar sito, ka zuba tarkacenka ka kulle, kana biya duk wata. In ka daina biya, sai su fasa su sayar da abin da ke ciki. To wata tsohuwa ce ta kasa biyan nata, aka kwashe akwatunanta aka kai gidan gwanjo. Cikin masu taya kayan akwai wani saurayi ɗan shekara 26, dillalin gidaje, sunansa John Maloof. Lokacin yana cikin rubuta littafi kan tarihin unguwarsu, Portage Park, yana neman tsofaffin hotuna. Ya ga wani akwati cike da nagatif, wato baƙin fim ɗin nan da ake wanke hoto daga jikinsa, ya saya a kan kuɗin da bai kai dala 400 ba. Da ya je gida ya duba bai ga abin da zai yi wa littafinsa amfani ba, sai ya tura akwatin cikin kabad ya ci gaba da harkarsa.

Abin da ke cikin akwatin nan wani yanki ne na hotuna sama da 100,000 da mace ɗaya ta ɗauka, matar da ba a taɓa biyan ta albashin mai hoto ba. Aikinta raino ne a gidajen masu kuɗi. Sunanta Vivian Maier.

Kafin mu shiga labarinta, bari mu ɗan koma baya, don a gane yadda aka yi har 'yar aiki ta iya rataya kyamara ta shiga gari.

Da farko hoto ba wasan yara ba ne. A 1838 wani Bafaranshe, Louis Daguerre, ya kafa na'urarsa a taga ya ɗauki wani babban titi na birnin Paris mai suna Boulevard du Temple. Titi ne mai cunkoso, keken doki da masu tafiya a ƙasa ba sa yankewa. Amma in ka kalli hoton sai ka rantse an yi dokar hana fita, babu kowa. Dalili shi ne na'urar tana buƙatar mintuna da dama kafin ta kama hoto, duk abin da ke motsi ba ya fitowa. A can ƙasa ta gefen hagu ne kawai za ka hango wani mutum ya ɗora ƙafa, shushaina yana goge masa takalmi. Tsayuwar da ya yi ce ta sa ya shiga tarihi. Bai san ana ɗaukarsa ba, kuma har yau babu wanda ya san sunansa. Ku riƙe wannan, domin tun ranar farko haka hoton birni ya faro: wani yana leƙe daga sama, wani yana harkarsa bai sani ba.

Shekaru kusan hamsin bayan nan hoto ya zauna a hannun ƙwararru da masu hali. Sai ka ɗauki akwati mai nauyi, da ƙafafunsa uku, da farantan gilashi, da kwalaben sinadarai, kuma sai ka san haɗa su. A 1888 George Eastman na garin Rochester a jihar New York ya fito da Kodak. Ƙaramin akwati ne, dala 25, an riga an ɗura masa fim na hoto 100. Kai dai ka saita ka danna. In ya ƙare ka aika kyamarar gaba ɗaya zuwa Rochester da dala 10, su wanke maka hotunan, su sake ɗura fim su dawo maka da ita. Dala 25 kuɗi ne mai yawa a wancan zamanin, don haka talaka bai shigo ba tukuna. A 1900 ne suka fito da Brownie, akwatin kwali, dala ɗaya tak, har yara ake tallata wa. Daga nan ɗaukar hoto ya zama abin sha'awa irin na kiwon tattabaru ko buga ƙwallo da yamma, abin da mutum ke yi don ransa na so, ba don ya ci abinci da shi ba.

Kuma nan take rigima ta tashi. Jaridun Amurka suka fara kiran masu yawo da kyamara shaiɗanun Kodak, har wasu wuraren shaƙatawa na bakin teku suka kafa allon hana shiga da ita, saboda samari na ɗaukar mata suna wanka. A 1890 wasu lauyoyi biyu na Boston, Samuel Warren da Louis Brandeis, suka wallafa maƙala a mujallar shari'a ta jami'ar Harvard suna cewa mutum yana da haƙƙin a ƙyale shi da sirrinsa, kuma cikin abubuwan da suka kawo hujja da su akwai hoton nan-take da jaridu masu bin diddigi. Sai kuma shari'ar wata budurwa 'yar Rochester, Abigail Roberson. Ta wayi gari ta ga fuskarta a kan fosta 25,000 na tallan fulawa, an manna a shaguna da mashaya, babu wanda ya tambaye ta. Ta kai ƙara, amma a 1902 babbar kotun jihar ta ce babu dokar da aka karya. Mutane suka fusata, a 1903 majalisar jihar New York ta yi dokar da ta hana amfani da suna ko hoton mutum mai rai a talla ko kasuwanci ba tare da rubutaccen izininsa ba. Ku lura da kyau, talla aka hana. Ɗaukar mutum a kan titi ba a hana ba. A cikin wannan sararin da doka ta bari Vivian Maier ta yi rayuwarta.

An haife ta a New York ranar 1 ga Fabrairu 1926. Uwarta Bafaransa ce, ubanta asalinsa daga Ostiriya, kuma auren bai yi ƙarko ba. Ƙidayar jama'a ta 1930 ta nuna ita da uwarta suna zaune gida ɗaya da wata mai sana'ar hoto, Jeanne Bertrand. Yarintarta ta rabu biyu, wani ɓangare a New York, wani a ƙauyukan kwarin Champsaur cikin duwatsun kudu maso gabashin Faransa, shi ya sa har ta tsufa Turancinta yana da karin Faransanci. A can ƙauyen ta fara ɗaukar hoto wajen ƙarshen shekarun 1940, da ɗan akwatin Brownie. Ta dawo New York a 1951 ta kama raino, a 1952 ta sayi Rolleiflex, kyamarar Jamus mai tsada wadda ƙwararru ke riƙewa. A 1956 ta koma yankin Chicago, ta samu aiki a Highland Park, unguwar masu hali da ke arewa da birnin, a wani gida mai 'ya'ya maza uku. Ta zauna da su har 1972. An ba ta ɗaki da banɗakinta, ita kuma ta mayar da banɗakin wurin wanke hoto.

Bari in tsaya a kan kyamarar nan, domin in ba ku fahimce ta ba ba za ku gane hotunan ba. Rolleiflex tana da ido biyu, ɗaya a kan ɗaya. Na sama na mai ɗauka ne, na ƙasa shi ke kama hoto. Ba a kai ta fuska. Rataye take a wuya, tana zaune wajen ciki, ka buɗe murfin sama ka sunkuyar da kai kana kallon ɗan gilashin da ke nuna maka abin da ke gabanka. To ku ɗauka kuna tsaye a tashar mota, ga wata doguwar mata da hular maza da ƙaton kwat da takalmi mai nauyi, ga yara biyu a gefenta, ta sunkuya tana kallon wani akwati a cikinta. Wa zai kawo a ransa shi ake ɗauka? Ƙarar dannawar ma ba ta da ƙarfi. Shi ya sa take iya matsowa dab da mutum. Kuma da yake daga ƙasa kyamarar ke kallo, mutanen da ke cikin hotunanta sukan fito da wani irin kwarjini: dattijo mai sayar da jarida ya fito kamar wani basarake, yaro mai dauɗa a fuska kuma idonsa ya yi daidai da naka. Wasu kuwa sun gane a daidai lokacin da ta danna, kana ganin harara a idonsu. Akwai matan attajirai sanye da rigar gashin dabba da suka watsa mata kallon "ke kuma wace ce", kuma wannan kallon shi ne hoton.

Fim ɗaya na Rolleiflex hoto 12 yake ɗauka, masu kusurwa huɗu daidai wa daida. Sha biyu fa, jama'a. Mu da ke danna talatin don mu zaɓi ɗaya na sakawa a status, sai mu ji kamar wasa. Kowace dannawa kuɗi ce, ga albashin raino. Waɗanda suka bi nagatif ɗinta ɗaya bayan ɗaya sun lura sau da yawa dannawa ɗaya take yi wa abu ta wuce. Duk da haka ku yi lissafi: hoto 100,000 a shekara arba'in ya kama kusan bakwai kowace rana, ba Asabar ba Lahadi.

Me take ɗauka? Abin da babu wanda zai biya a ɗaukar masa. Mashayin da ya kwanta a bakin titi. Tsofaffin ma'aurata sun yi barci a bas, kai ya jingina da kai. Hannayen mutum biyu a riƙe da juna, daga baya, ba a ma ganin fuskokinsu. Yaran Baƙaƙen fata da na Turawa a unguwannin talakawa, a zamanin da Chicago take cike da Baƙaƙen da suka yi ƙaura daga kudancin Amurka kuma aka takure su a wasu unguwanni. 'Yan sanda sun riƙe wani. Gine-ginen da ake rushewa. Kwandon shara da jaridar jiya a ciki. Tana jan yaran da take raino daga unguwarsu mai tsafta ta kai su cikin gari, lunguna da kasuwannin gwanjo, har mayankar dabbobi, wuraren da iyayensu ba za su taɓa taka ƙafa ba. A 1959 kuma ta ɗauki hutu ta yi doguwar tafiya ita kaɗai, ta bi ta Filifin da Tailan da Indiya da Masar, tana ɗauka.

Sannan tana ɗaukar kanta, tun kafin a san wani abu wai shi selfi. A madubin shago, a gilashin taga, a jikin ƙarfe mai ƙyalli, wani lokaci inuwarta kawai a ƙasa da hularta. Da wuya ka ga murmushi. Macen da ke kulle ɗakinta da kwaɗo, wadda a shagunan wanke hoto takan ba da sunan da ba nata ba, ita ce kuma ta bar ɗaruruwan hotunan fuskarta.

A ganina babban birni shi ya ba ta wannan damar. A ƙauye kowa ya san ki, ya san gidanku, in kin ɗaga kyamara sai an tambaye ki dalili, gobe kuma labari ya kai wa uwarki. A Chicago mutum miliyan uku da ɗoriya ne a lokacin, kowa na sauri, babu ruwan wani da wani. Mace marar miji, marar dangi a kusa, 'yar aikin gida, ita ce ta ƙarshe da ido zai tsaya a kanta. Rashin ganin da aka yi mata shi ta mayar jari.

Kada kuma mu mayar da ita waliyyiya. Cikin yaran da ta raina, da suka girma aka yi hira da su, wasu sun ce ita ce ta buɗe musu ido suka san duniya. Wasu kuwa sun ba da labarin tsanani, ɗura abinci da ƙarfi, har da duka. Duka biyun mutanen da suka zauna da ita ne suka faɗa. Tana kuma da tara kaya, musamman jaridu, tuli har rufi, sai ɗan siririn wurin wucewa a ɗaki, abin da ya raba ta da wasu gidajen. Daga shekarun 1970 ta koma fim mai kala da ƙananan kyamarori. Da ta bar gidan da take da banɗakin wanki, ga kuɗi ba su isa, sai fim ya riƙa taruwa ba a wanke ba. Ɗaruruwan fina-finai aka samu a naɗe yadda ta cire su daga kyamara. Wato akwai dubban hotunan da ita kanta ba ta taɓa gani ba, sai a ɗan gilashin nan na daƙiƙa ɗaya. Wannan wurin yana ɗaure mini kai duk lokacin da na tuna. Kamar dai ɗaukar ce buƙatarta, ganin hoton kuma ko oho.

Tsufa ya same ta babu komai. Yaran nan uku na Highland Park, da suka zama magidanta, su suka nemo ta suka kama mata ɗaki suna biya, Allah Ya saka musu. Maƙwabta a unguwar Rogers Park sun san ta a matsayin tsohuwar da ke zama a benci kusa da tafkin Michigan. A ƙarshen 2008 ta zame a kan ƙanƙara ta bugu a kai, ba ta sake miƙewa ba. Ta rasu ranar 21 ga Afrilu 2009 tana da shekara 83.

Shi kuwa Maloof ya dawo kan akwatinsa, ya fara duba nagatif ɗin a kwamfuta, ya ga abin ya wuce tunaninsa, har ya shiga bin sauran waɗanda suka sayi kayan yana saye daga hannunsu. Ya ga sunanta a jikin wata ambulan. Da ya buga sunan a Google a watan Afrilun 2009, abin da ya fito masa sanarwar rasuwarta ce a jaridar Chicago Tribune, ta 'yan kwanaki kaɗan. Kusan shekara biyu kayanta na hannunsa, tana raye a birni ɗaya da shi. A watan Oktoba na shekarar ya saka wasu hotunan a Flickr yana tambayar masu sha'awar hoton titi me ya kamata ya yi da su. Kafin wani lokaci magana ta zagaye duniya. A farkon 2011 aka baje kolin hotunan a Cibiyar Al'adu ta Chicago, littattafai suka biyo baya, a 2013 aka fitar da fim mai suna Finding Vivian Maier, wanda ya shiga jerin masu takarar kyautar Oscar a 2015. Hoto ɗaya nata ya koma ana sayar da shi dubban daloli.

Inda kuɗi ya shigo kuwa kun san sauran. A dokar Amurka, sayen nagatif daban, haƙƙin buga hoton da sayar da shi daban. Haƙƙin na mai ɗauka ne, in ya mutu ya koma ga magada har shekara 70. Vivian ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, ba ta bar wasiyya ba. Maloof ya nemo wani ɗan'uwanta na nesa a Faransa ya biya shi dala 5,000 don ya sakar masa haƙƙin. A 2014 wani lauya, David Deal, wanda shi ma tsohon mai hoto ne, ya gano wani dattijon daban a Faransa da yake ganin ya fi kusanci da ita, ya shigar da magana kotu. Hukumar gundumar Cook, inda Chicago take, ta karɓi kula da gadon, aka yi ta ja har 2016 da aka sasanta da Maloof, kuma kotu ta rufe sharuɗɗan ba a bayyana su ba. Matar da aka yi gwanjon kayanta saboda bashin hayar sito, ga lauyoyi suna fafatawa a kan dukiyarta.

Tambayar da ta fi ta kuɗi nauyi ita ce, da tana raye za ta yarda? Masu cewa eh suna kafa hujja da wata wasiƙa da ta rubuta wa wani mai shagon hoto a yankinsu na Faransa, inda ta nuna ta san aikinta yana da kyau, har tana neman su yi harkar buga shi tare. Masu cewa a'a suna nuna kwaɗon ƙofarta da sunayen ƙaryar da take bayarwa. Akwai kuma waɗanda ke cewa mai hoto shi ke zaɓen wanda zai fitar cikin ɗari, ya yanke shi yadda yake so, to Vivian da muke gani yau zaɓin wasu maza ne da ba su taɓa haɗuwa da ita ba.

Ni dai ra'ayina, fitar da hotunan titin daidai ne. Da an bar su sun ruɓe, da an yi asarar fuskokin dubban talakawan da babu wani wurin da aka ajiye su. Kuma ita ma ai ba ta nemi izinin mashayin nan da ke kwance ba, abin da ta yi wa mutane shi aka yi mata. Inda raina bai kwanta ba shi ne bin ta har cikin ɗaki: rasiɗanta, tarin jaridunta, muryarta a kaset, da zaman da aka yi ana tattauna ko tana da taɓin hankali, duk a gaban duniya, ita kuma babu bakin ramawa. Hotunan aikinta ne, wannan kuwa sirrinta ne.

Ku ɗauko albam ɗin gidanku in akwai. Galibi abin da za ku gani hoton situdiyo ne, an ci kwalliyar sallah, labule mai zanen bene a baya, ga fulawar roba a kan teburi. Ko na biki, ko na fasfo. Hoton layinku a ranar Talata da hantsi, mai ƙosai na juya mai, ɗan garuwa na wucewa, gini kaza bai riga ya tashi ba, wannan da wuya a same shi, don babu wanda ya ga dalilin ɓata fim a kansa. Yau kuma kowannenmu yana da abin da ya fi Rolleiflex sauƙi a aljihu, kuma rigimar 1890 ta dawo sabuwa: a ɗauki mai talla ko almajiri ko wanda ya faɗi a titi, kafin magariba ya zagaye TikTok ana dariya, shi bai ma sani ba. Vivian ta ɗauki irin waɗannan mutanen, amma ta matso kusa, ta kalle su daga ƙasa, kuma shekara hamsin suka yi a akwati kafin wani ya gan su. Namu kuwa sukan fita a minti ɗaya, su ɓace ranar da aka sace wayar.

Wani ɓangare na hotunan da ta wanke da hannunta ko ta kai aka wanke mata yana ɗakin karatu na Jami'ar Chicago yanzu, Maloof ya ba su kyauta, masu bincike na zuwa su duba. Haƙƙin mallakar kuma yana nan a hannun gadonta har shekarar 2079.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a huta lafiya.